Gem ɗin da ya ƙi karɓar mutum biyu

Cikin duk abin da ya faru da ni ina yaro a Jos, akwai wata Asabar ta damina da ba za ta taɓa fita daga raina ba. In na ce wa mutum a kan gem ne, wato wasan talabijin, sai ya yi dariya, ni ma ba na ganin laifinsa.

Lokacin muna ƙaramar sakandare. Mu a Kwararafa muke, abokina kuma a Tudun Wada, ɗan asalin Filato ne, benci ɗaya muke zama a aji. Abin da ya ƙulla mu shi ne wani shagon gem a bakin Titin Bauchi. A ciki akwai akwati mai tsayi kamar firij, da talabijin a jikinsa, da sanduna biyu irin giyar mota, da maɓallai. Sai a jefa kwandala, mutum biyu su tsaya su yi ta dambe da 'yan daba unguwa-unguwa. Ni kullum wani ƙato mai nauyin jiki nake ɗauka, shi kuma wani siriri mai ɗaurin kai da ya iya tsalle. Ni in tare gaba, shi ya tsare mini baya. Ba mu taɓa kaiwa ƙarshe ba, amma in muka tsaya har manya kan zagaye mu suna kallo, mu kuwa kai ya yi ta kumbura.

Shi ɗan ƙwallo ne na gaske, ba irina ba da ake turawa gola don cike gurbi. Ana gab da fara gasar makarantu ya karye a cinya wajen atisaye. Aka yi masa ɗori, aka ba wani yaro lambarsa. Tun daga nan ya zama wani mutum daban. In na je duba shi sai ya amsa gaisuwa da ka, ya juya fuska bango. Wata rana mahaifiyarsa ta raka ni har bakin ƙofa ta ce, “Yarona, abokinka ba ya cin abinci fa. Tun da ƙafa ya karye, magana ma babu. Na yi addu'a, na yi faɗa, na gaji.” Mace ce mai fara'a, amma ranar idonta ya ciko. Na tsorata ƙwarai, don ban taɓa ganin mutum yana ramewa a gabana haka ba.

Ina da kawu mai sayar da rediyo da talabijin na gwanjo. A shagonsa na ga gem irin na gida, wanda ake jona wa talabijin, kuma cikin kaset-kaset ɗin da suka zo da shi har da mai hoton wasanmu. Na yi ta masa magiya har ya ce in ɗauka aro, ya haɗa mini da hannu biyu, wato abin da ake riƙewa ana dannawa. Ban ma tsaya gwadawa ba. Na naɗe shi a zanen Innata na shiga bas, bakina har kunne. A raina na gama tsarawa, yau a kan katifar abokina za mu kai ƙarshen wasan nan.

Da na isa gidansu, mahaifiyarsa, wadda muke kira Mama, da kanta ta kinkimo talabijin ɗin falo zuwa ɗakinsa. Na hura wa kaset iska kamar yadda na ga ana yi, na zura shi, na kunna. Da kiɗan ya tashi sai na ga abokina ya ɗago ya jingina da matashi. Rabon da in ga haka an daɗe.

To, ashe kama da wane ba wane ba ne. Mutanen ciki duk sun ƙanƙance. Ƙarar naushin da a shago kake jin ta har ƙirjinka ta koma kamar ana ƙwanƙwasa gwangwani. 'Yan dabar da ke yi mana taron dangi sun koma 'yan tsiraru. Wannan duk mai sauƙi ne. Da aka zo wajen zaɓen ɗan wasa, muka duba sama muka duba ƙasa, siririn nan nasa babu shi. Na ce ba komai, ɗauki wani. Ya danna hannu na biyu, shiru. Na cire na sake jonawa, na musanya su, na sake hura kaset har na ga jiri. Daga baya na girma na fahimci cewa ƙwaƙwalwar na gida ba ta kai ta akwatin shago ba, dole masu yin sa suka yi ta yanke-yanke don ya shiga, har da wasan mutum biyu. Amma a ranar ban san haka ba, zufa kawai nake yi cikin sanyin nan na Jos.

Ya ajiye hannun a hankali ya ce, “Mutumina, bar shi kawai. Ka gani, har su ma sun cire ni.” Ya koma ya fuskanci bango.

Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Na zo gyara na ƙara ɓatawa. Na miƙa masa nawa na ce ya yi shi kaɗai, ko motsi bai yi ba. Kunya ta hana ni tashi in tafi, sai na zauna a gefen katifa na ci gaba da wasan don dai kada ɗakin ya yi tsit. Nan fa asirina ya tonu. Ashe duk cika bakin da nake yi a shago da bazarsa nake rawa. Ba mai tsare mini baya, ana ta jibgata ta ko'ina, ƙaton nawa yana faɗuwa yana wani kuka mai ban haushi.

Can na ji murya a bayana, “Kai wane irin mutum ne? Ka tsaya a tsakiya kamar tunkiya. Koma gefe mana.”

Na ce, “Oga, ina ƙoƙari.”

“Wannan ne ƙoƙari? Kawo nan.”

Ya miƙo hannunsa ya cafki ɓarin hagu na abin dannawar da ke hannuna, inda ake tafiyar da ɗan wasa. Ni kuma ban saki ɓarin dama mai maɓallan duka ba, ban san ma dalili ba, wataƙila taurin kai ne. Muka tsinci kanmu riƙe da abu ɗaya, shi ke tafiya, ni ke naushi. In bai matsa ba ba ni da yadda zan yi, in ban buga ba a cinye shi. Dole ya yi magana. Buga yanzu, tsaya, tsalle, kai makaho ne? Tun ina kirga zagin da nake sha har na daina, ban taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba.

Mama ta turo ƙofa da kwanon gwate, ta tsaya cak tana kallon mu. Ta ajiye kusa da shi ta fita da sanɗa. Duk inda wasan ya tsaya don a shiga wata unguwa sai ya kai cokali baki, bai ma lura ba, yana tauna yana yi mini bitar kurakuraina. Kafin la'asar kwanon ya koma wayam.

Ba mu kai ƙarshe ba. Hadari ya haɗo, iska na tasowa aka ɗauke wuta. Muka zauna muna jin ruwa a kan kwanon rufi. Ina naɗe waya sai ya ce, “Kar ka mayar wa kawunka tukuna. Gobe in an taso daga coci ka zo, don kai kaɗai ko unguwa ta biyu ba za ka wuce ba.”

Na ce to. A bakin ƙofa Mama ta riƙe hannuna da nata biyu, ta daɗe ba ta saki ba.

Har yau in ana musu na shago da na gida wanne ya fi, na shago nake ba gaskiya, ba ko tantama. Sai dai gurgun kaset ɗin nan ya koya mini abin da cikakken bai koya mini ba. Duk zuwan da na yi kafin ranar tausayi nake kai masa, shi kuwa tausayin ne ke ƙara kwantar da shi. Wanda ya faɗi, in kana so ya tashi, ka nuna masa akwai abin da ba zai yiwu ba sai da shi.