Ranar da Alhazan Garwa Suka Rasu

Malam Ilyasu ya shekara talatin yana sakataren ƙungiyar masu safarar albasa ta Garwa. Da keken rubutu ya fara, har aka kai zamanin kwamfuta, bai taɓa kuskuren sunan kowa ba. Babban aikinsa sanar da rasuwa. Da ƙafa ta fara ciwo, sai Émilienne, mai shagon buga takardu a bakin kasuwa, ta haɗa masa dabara. Sunayen 'yan ƙungiya na cikin tablo, wato jadawali a kwamfuta, kowane bayani da layinsa daga sama zuwa ƙasa. Layi na biyar shi ne "Ya rasu?" Duk wanda aka rubuta wa "wi" a nan, wato "eh" da Faransanci, kwamfuta da kanta za ta aika wa kowa imel na ta'aziyyarsa.

Wata Talata da hantsi, kwamfutar ta kashe mutum arba'in da ɗaya.

Kafin azahar ofis ya cika da mamatan da danginsu. Wata Hajiya Hindu ta taso tun daga Pitowa tana kukan yayanta, ta tarar da shi a ƙofa ya zo jin yadda aka yi ta rasu.  Malam Ilyasu ya kashe kwamfutar ya kunna, ya hura wayoyinta, sannan ya aika a kira Émilienne.

Ta bi tablon da yatsa tana ƙirgawa. "Malam, ina layi na biyar?"

Babu shi. Na shida ya matso ya zauna a gurbinsa, shi kuwa "Ya je Hajji?" ne. Kwamfuta ba ta karanta kan layi, ƙirge kawai take yi. Duk wanda ya sauke farali ta haɗa shi da Allah ya ji ƙansa.

Sabon shugaban ƙungiya, Alhaji Yaya, wanda shi ma yana cikin mamatan, ya yi gyaran murya. Ya ce jiya ya leƙa tablon, ya ga an ware wa mutuwa fili daidai sunansa, ransa bai so ba, ya goge. "Ai ba a shimfiɗa mata tabarma," in ji shi.

Ana cikin haka Alhaji Mahmudu ya shigo, rai a ɓace. Kasuwa duk ta gane ka'idar, kuma shi ba a sanar da tasa rasuwar ba.

"Ilyasu, me na yi maka? Kowane Alhaji ya mutu, ban da ni?"

Malam Ilyasu ya sassauta murya. "Alhaji, kai da bakinka ka ce mini a N'Djamena ka tsaya, ba ka kai Makka ba."

"Wannan tsakaninmu ne. Ka aika."

Malam Ilyasu ya ƙi. Émilienne ta dawo da layin daga tsohon kwafi, aka tura saƙon ban haƙuri cewa kowa na nan da ransa. Wasu ba su yarda ba sai da suka je suka gani da ido, aka yi kwana uku ana dafa shayi a gidajen Alhazai.

Alhaji Mahmudu bai ƙara gaishe da Malam Ilyasu ba. Da baɗi ya sayar da shanu biyar ya tafi Makka. Ranar da ya dawo, daga filin jirgi ofis ya zarce, ya tsaya a kan Malam Ilyasu har ya ga an rubuta masa "wi", yana ta jaddada masa a wane layi.