Agogon Injin Yayana

Yayana ne ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu. Ya girme ni sosai, har waɗanda ba su san gidanmu ba sukan ɗauka shi ya haife ni. Ma'aikacin jami'a ne a harabar Kongo, ɓangaren mulki, dogo kakkaura, mai muryar da in ya yi sallama a zaure ana jin ta har ƙuryar gida. Gidanmu na gado yana wajen Ƙofar Kibo, cikin lungun da mota ba ta shiga. A nan yake zaune da matarsa, wadda muke kira Hajiya, da 'ya'yansu, da mahaifiyarmu Inna. Ni kuwa a lokacin, wajen ƙarshen shekarun tamanin, na yi aure na kama haya a Tukur-Tukur, ina koyarwa a wata sakandare.

Wata rana ya yanke jiki ya faɗi a ofis. Hawan jini ne, wanda ya daɗe da shi bai sani ba. Da aka sallamo shi daga asibiti hannunsa na hagu ya yi nauyi, yana jan ƙafa, bakinsa ya ɗan karkace. Likita ya ce ya bar gishiri, ya riƙa shan magani, ya kuma riƙa motsa jiki. Gishiri da magani bai yi gardama ba. Tafiya a unguwa ce ya ƙi. Sau ɗaya na raka shi har bakin titi, duk wanda muka wuce sai ya tsaya yana "Sannu Alhaji, Allah ya ƙara sauƙi," yana kallon ƙafar. Da muka dawo ya ce mini in ban da masallaci ba zai sake fita ba sai ya miƙe.

Ana cikin haka wani Bature da suka yi aiki tare, wanda ke haɗa kayansa zai koma ƙasarsu, ya aiko masa da injin motsa jiki. A-kori-kura ta sauke shi a bakin lungu, muka kinkimo shi zuwa ɗakin Yaya na kusa da zaure. Dogon ƙarfe ne a kwance, da 'yar kujera mai zamiya gaba da baya a kansa. A gaba akwai wili mai fukafukai kamar fanka, da sarƙa mai mariƙi. Mutum ya zauna, ya toka ƙafafu, ya jawo mariƙin zuwa cikinsa kamar mai tuƙa kwale-kwale. Inna ta leƙo ta daɗe tana kallo, ta ce, "Wannan kuma wane irin jirgi ne da ba ruwa?"

A saman wilin akwai ɗan akwati mai gilashi, bai fi kalkuleta girma ba. Shi ke nuna tsawon lokacin da mutum ya yi, da nisan da ya tuƙa, da wata lamba mai nuna ƙarfin jan da yake yi. Mutanen gida suka sa masa suna agogo. Wannan agogon shi ya kama zuciyar Yaya. Mutum ne da ya saba da aikin da ake aunawa a gani, ga shi an ba shi abin da zai gaya masa kullum ko ya fi jiya. Bayan asuba ya hau, bayan la'asar ya hau. Da farko hannun hagun ba ya iya riƙe mariƙin, sai Hajiya ta ɗaure masa shi da ɗankwali. A hankali ya daina buƙatar ɗaurin. In na je gaida su, kafin in zauna zai ce, "Auta, zo ka ga inda na kai yau." Ya fara zuwa ofis jefi-jefi. Muka ɗauka an tsallake.

Cikin bazara agogon ya mutu. Aka aiko in zo. Na tarar da Yaya zaune a bakin gado yana kallon gilashin, ba komai a kai.

Na ce, "Ai injin na aiki ko ba agogon, Yaya. Ka ci gaba kafin a duba."

Ya ce, "In ci gaba in san me? Buɗe shi."

Na kwance murfin baya da sukundireba. Batiran sun fashe, wani farin gari kamar kanwa ya cinye ƙarafan da suke taɓawa. Na kankare su da samfefa, na goge, na sayo sababbin batira a kanti. Ina sawa lambobi suka fito. Ranar har dariya ya yi, ya sa Hajiya ta ƙaro mini nama a miya.

Bayan 'yan watanni wata matsalar ta taso. Agogon na kamawa, amma lambobin suna tsalle: ya nuna abu, ya koma sifiri, ya sake dawowa. Wannan ta fi ba ni wahala. Na sake batir, ba ta canza ba. Na bi siririyar wayar da ta fito daga agogon har zuwa gefen wili, inda ta ƙare a wani ɗan abu kamar ƙwayar gyaɗa. A jikin wilin kuma akwai maganaɗisu, kowane zagaye sai ya wuce ta gaban ɗan abin nan, da haka agogon ke ƙirga. Can ƙasa na gano inda ɓera ya gurguri wayar, saura zare ɗaya ke riƙe da ita. Na cire duka na ɗora a babur na kai wa wani mai gyaran rediyo a Tudun Wada, ya haɗa da dalma ya naɗe. Ta zauna.

Saboda haka, lokacin da aka aiko karo na uku, ban damu ba. Na zuba kayan aiki a aljihu na tafi.

Yaya ya ce, "Wannan karon ƙarya yake yi. Ina ja kamar yadda na saba, yana nuna mini ƙasa da rabi. Kullum ƙara sauka yake."

Na bi komai daga farko. Batir lafiya. Ɗaurin dalma bai saki ba. Na goge maganaɗisun, na matso da ɗan abin kusa da wili ko tazarar ce ta yi yawa. Na wanke sarƙar da kananzir na sa mata mai, na share fukafukan da suka tara yanar gizo. Washegari ya ce ba abin da ya canza. Na mayar wa mai gyaran rediyo, ya ɗora mitarsa nan da can, ya ce shi dai bai ga komai ba, amma bai taɓa gyara irinsa ba, in gwada wani. Na kai Sabon Gari wurin mai gyaran agogo da kalkuleta. Shi ma ya buɗe, ya hura, ya rufe. Yaya ya ce duk ba su san aikinsu ba. Ya sa na rubuta wa Baturen nan ko za a samu sabon agogo a can, amsa ba ta zo ba.

Makonni na yi ina wannan zirga-zirga. Fushinsa ya ƙaru. Yaran gidan suka daina wucewa ta ƙofar ɗakin. Wata la'asar ina shirin fita Hajiya ta tare ni a tsakar gida, ta rage murya.

"Malam ƙarami, ka lura da yadda yake haki kuwa?"

Na ce, "Ai dole mai motsa jiki ya yi haki."

Ta ce, "Ba irin wannan ba. Ko alwala ya yi sai ya huta. Kwanciya ma ba ya iyawa sai na jera masa filo ya jingina. Takalmansa sun daina shiga. Na yi magana ya ce in bar shi."

Duk gyaran da nake yi, ban taɓa zama a kan injin ba. Wurin zaman Yaya ne, ba a yi mana tarbiyyar zama inda babba ke zama ba, shi ma ba ya son kowa ya hau. In zan gwada, a tsaye nake jan sarƙar da hannu ɗaya, in ga lambobi sun motsa in ce ya kama. Ranar Asabar ɗin da ta biyo na je da hantsi, na tarar ya zaga bayan gida. Na tuɓe hula da takalmi, na zauna, na toka ƙafafu, na ja.

Ni ba ƙaƙƙarfa ba ne, alli kawai na sani. Amma ja kaɗan na yi lambar ta hau, ta wuce inda Yaya yake tsayawa kwanakin nan, ta wuce har inda ya kai lokacin da yake murna. Na sassauta, ta sauka. Na ƙara ƙarfi, ta hau. Ba tsalle, ba gardama. Ƙarar wilin ta cika ɗakin, shi ya sa ban ji shigowarsa ba. Da na ɗaga kai yana tsaye a bakin ƙofa, buta a hannu, ya dafa bango. Ba ni yake kallo ba, gilashin yake kallo.

Na saki mariƙin na miƙe da sauri. Wilin ya ci gaba da juyawa shi kaɗai har ya tsaya.

Ya ce, "Koma. Sake ja in gani."

"Yaya..."

"Na ce ka sake."

Na koma na ja. Ya matso ya sunkuya a kan agogon, ina jin numfashinsa yana fita da ƙyar. Can ya ce ya isa. Ya zauna a bakin gado, ya ajiye butar tsakanin ƙafafunsa. A lokacin na kalli ƙafafun sosai. Sun kumbura har idon sawu ya ɓace.

Ya ce, "Ashe lafiyarsa lau."

Na sauka daga kan injin.

Ya ce, "Na wahalar da kai a banza, Auta."

Na ce mu koma asibiti. Ya ce in nemo mota ranar Litinin, kada in gaya wa Inna tukuna.

Likita ya duba shi, aka ɗauki hoton ƙirji. Ya ce zuciyar ce ta kumbura, ta gaji, ba ta iya tura jini yadda ya kamata, shi ya sa ruwa ke taruwa. Ya ƙara magunguna. Da Yaya ya ambaci injin, likitan ya ce ya bar shi kwata-kwata, ko guga kada ya ja. A mota muna dawowa, da muka shigo gari ya ce wa direba ya matsa da mu bakin lungu iyakar inda mota za ta iya kaiwa.

Daga nan bai ƙara zuwa ofis ba. Yakan wuni a ɗakin nan, jingine da filo, injin na gefensa. Na ce a fitar da shi a sami fili, ya ce a bar shi. Abokan aikinsa sun yi ta zuwa da farko, daga baya suka ragu. Muryar nan tasa ta shige, sai ka matso kake jin abin da yake faɗa. Inna ba wanda ya gaya mata komai, amma ta daina tambaya, ta koma zama a bakin ƙofarsa da carbi. Wani lokaci in na je sai ya tambaye ni labarin makaranta, in fara ba shi, in ga ya yi barci a zaune.

Cikin damina ya rasu, ranar Alhamis bayan azahar. Ana ruwa, sai da muka jira ya tsagaita kafin a fita da shi. Lungun ya cika da taɓo, masu ɗauke da makara suna dafa katanga don kada su zame.

Bayan sadakar bakwai Inna ta kira ni ta ce ba ta son ta ƙara ganin ƙarfen nan a gidan. Na tambayi maƙwabta da abokai ko akwai mai so, ba wanda ya karɓa. Wasu ma cewa suke yi shi ya ƙarasa shi. Ban tsaya musu da kowa ba. Na kwance shi gunduwa-gunduwa, da agogon da komai, 'yan gwangwan suka kwashe a kura.

Hajiya ta gama takaba ta koma gidan iyayenta da ƙananan yaran, manyan biyu suka dawo wurina. Inna ta ƙi barin gidan sai da ciwon ƙafa ya kayar da ita, sannan ta yarda na ɗauke ta zuwa Tukur-Tukur, inda ta ƙarasa kwanakinta. Gidan ya zauna a kulle, ba mai yaɓe, ba mai gyara indararo. Wata damina aka aiko mini cewa azarar ɗakin Yaya ta karye, rufin ya rufta ciki. Na je na duba, na sa aka jera langa-langa a toshe wurin don kada awaki su riƙa shiga. Har yau ba mu sake gina shi ba.