Dattijon da ya biyo kan sarkinsa har Sanyuanli

Shekarun baya, zamanin da nake yawan zama a Guangzhou ina sarin takalma a kasuwar Zhanxi Lu ina turawa Kano, ina da wata ɗabi'a da abokan kasuwa suka mayar abin tsokana: tara kan sarki. A wurin mahaifina na gaje ta. Tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, haifaffen Zungeru, kuma tun muna yara yake da wani kundi da yake jera kan sarki a ciki da hantsaki, ba ya yarda ko numfashinka ya kusance su. Buri ɗaya ya rage masa: ya samu kan sarki na zamanin Turawa, irin mai ɗauke da sunan Arewacin Najeriya, wanda aka buga wa hatimin gidan wayar garinsu.

A duk Guangzhou mutum ɗaya na samu mai irin ciwona, wani abokina ɗan Damagaram da ya zo karatu, ya gama, ya zauna yana yi wa 'yan kasuwa tafinta. Shi ya sa ni a wani zaure na waya na masu tara kan sarki, yawancinsu 'yan China, yana fassara min abin da suke cewa. Rabin hirar zauren ƙorafi ne a kan dillalan da ke sayarwa ta aike. Ka sayi abu sau ɗaya a wurinsu, shi ke nan ka auri wahala. Za su yi ta turo maka ambulan cike da kan sarkin da ba ka nema ba, wai ka zaɓi wanda kake so ka biya, ka mayar da sauran. Wasu su ce tsada, wasu su ce naci, wani ya ce matarsa ta fara zargin mai kawo saƙo ɗan'uwansa ne saboda yawan zuwa.

A cikin dillalan akwai wani dattijo can arewacin ƙasar, wanda aka fi yi da shi a kan tsada. Abokina ya ce min, "Alhaji, wannan ba ya ragi. Ko kuka ka yi masa, amsarsa meyo." Wato babu. Sai ga shi a wurinsa aka ce an ga abin da Baba yake nema.

Da abokina ya nuna min hoton, sai da na tashi tsaye. Ga kan Sarauniya, ga hatimi zagaye tas, ga sunan Zungeru raɗau kamar jiya aka buga. Na ce a taya. Na yi irin tayin da nake yi wa masu takalma, wanda ake farawa daga ƙasa ana haɗa shi da rantsuwa da barazanar tafiya. Dattijon ya bar ni na gama wasan kwaikwayona, ya turo kalma ɗaya. Ba sai an fassara min ba. Na ba shi labarin mahaifina, da tsufansa, da cewa in na koma gida ƙarshen damina zan kai masa da hannuna, ko zai ji tausayi. Ya ce yana yi wa mahaifina fatan tsawon rai, farashi kuma yana nan. Na biya ina ƙunƙuni. Bakano a hana shi ciniki, ai kamar an ba shi tuwo ba miya ne.

Kaya suka iso ofishin da ke tura mana kwantena a unguwar Sanyuanli, wanda adireshinsa muke amfani da shi. Ban iya haƙuri ba, a ranar na tura wa ƙanwata hoton ta nuna wa Baba. Ta ce min ya karɓe wayar ya fita da ita majalisarsu ta ƙofar masallaci, bai dawo ba sai da cajinta ya ƙare.

Daga nan ambulan ya fara zuwa. Tsuntsaye, jiragen ƙasa, furanni, kowanne da farashinsa da fensir a ƙasa, rubutu ƙanana kamar tafiyar tururuwa. Na farko na saya kaɗan. Na biyu na mayar. Da abin ya ishe ni, ga kuma hidimar lodin kaya, sai na ce wa 'yan ofishin duk saƙon da ya zo daga mutumin nan su mayar ba sai sun buɗe ba, na kuma toshe shi a waya. Har na shiga zaure na sa abokina ya rubuta min nawa ƙorafin, aka yi ta tafa min.

Ana saura 'yan kwanaki in tashi, ina Zhanxi Lu muna jayayya da wata mai shago a kan kalar sandal, sai 'yan ofishin suka kira ni. Wai ga wani tsoho tun safe yana zaune a kan kwali, ya ce ba zai tafi ba sai ya ga mutumin Najeriya mai kan sarki. Na ɗauka wani ambulan ɗinsa ne ya ɓata a hanya ya zo kama ni. Na kira abokina, muka hau tasi.

Ɗan siriri ne, fari fat a ka, da jaka a cinya da fulas ɗin shayi, ya saka riga mai kauri irin ta mutanen garin sanyi, gumi ya jiƙa ta sharkaf. Ya miƙe ya gaishe ni hannu biyu. Muka kai shi gidan taliyar Musulmin China da ke bayan layin, saboda fanka. Bai taɓa abincin ba sai da ya fito da wata takarda, ya buɗe, ya ɗora kan sarki biyu a kai, ya miƙo min gilashin ƙara girma. Abokina yana fassarawa.

Ya ce waɗannan biyun daga hannun mutumin da ya sayar masa da nawa suka fito, daga baya. Ya ce in duba hatimin. Na duba. Zungeru ne, rana ɗaya, wata ɗaya, har da wata 'yar tsaga a gefen zagayen, wuri ɗaya a dukkansu. Ya ce in buɗe hoton nawa. Tsagar tana nan. Ya ce kan sarkin kansa na gaske ne, amma hatimin wani ne ya sassaƙa shi kwanan nan ya bi yana bugawa. Ya ce ya kira ni bai samu ba, ya rubuto an mayar masa, ya kuma tuna na ce ƙarshen damina zan tafi. Shi ya sa ya hau jirgin ƙasa.

Ban san lokacin da na ce, "Innalillahi," ba. Ba kuɗin ne ya dame ni ba, don ya riga ya ajiye su a ambulan a gabana. Majalisar ƙofar masallaci na hango.

Abokina ya rage murya ya ce, "Alhaji, idon Baba ya yi rauni. Wa zai gani? Ka bar tsoho da farin cikinsa."

Maganar ta shige ni. Na ce ya gaya wa lawban, wato maigida, kamar yadda muke kiran dattijon, ya riƙe kuɗinsa, na yafe, zan kai abin haka. Dattijon ya saurara har ƙarshe, ya kurɓi shayinsa. Ya ce shawarar abin da zan gaya wa mahaifina tawa ce, ba ya shiga tsakanin ɗa da uba. Amma in zan tafi da shi, sai na bar shi ya rubuta a bayansa cewa hatimin jabu ne. Ya ce, "Kan sarki ya fi mai shi tsawon rai. Bayan mahaifinka akwai kai, bayanka akwai wanda ba mu sani ba. Shi ma daga hannuna zai zama ya saya."

Na duba agogo, na ga hantsi ya yi a Kano. Na fita bakin titi na kira gida kafin zuciyata ta sake shawara.

Na kwashe komai na gaya wa Baba. Can ya ce, "To, Allah bai yi ba." Sai ya ce, "Shi mutumin, yaro ne?"

Na ce, "Zai kai sa'anka, Baba."

"Kuma ya taso takanas?"

"Ya kwana a jirgi."

"Kai kuma ka tsaya kana min surutu a waya ka bar baƙo shi kaɗai? Ka ba shi abinci?" Na ce yana gabansa. Ya ce, "Ka mayar masa da abinsa. Ka ce na gode da bai bar ni na ci gaba da shara wa mutane ƙarya a bakin masallaci ba. Anjima zan je in warware da bakina, su yi dariyarsu su gama."

Da aka fassara wa dattijon, ya yi dariya har da tari, sannan ya ja kwanon taliyar. Na je masauki na ɗauko kan sarkin, ya juya shi, ya yi rubutunsa na tururuwa a baya, ya haɗa shi da 'yan'uwansa. Na yi na yi ya karɓi kuɗin jirgi, ya ƙi. Da yamma muka raka shi tasha. Kafin ya shiga ya ce wa abokina wani abu, abokina ya fashe da dariya. Wai tambaya yake, yanzu an buɗe masa hanya ya ci gaba da turo ambulan?

Na koma gida hannu rabbana, sai turare da hula. Sai can shekara ta zagayo dattijon ya turo wani kan sarkin, shi kaɗai a ambulan. Mummuna ne, ya koɗe, kusurwa ɗaya ta cinye, hatimin rabi ne ya hau, sai ka ƙura ido za ka karanta ƙarshen sunan garin. A ƙasa ya jera duk aibinsa ɗaya bayan ɗaya, ya sa farashi. Na gwada tayi don kada a ce ban yi ba. Kun san amsar. Wannan ne Baba ya ɗauka da hantsaki, ya ce, "Wannan ya yi kama da wanda ya yi tafiya."

Har yanzu ina cikin zauren nan, kuma ba zan ce ƙorafin mutane ƙarya ba ne. Akwai masu tsawwalawa, akwai masu naci kamar ƙuda. Amma tun ranar na daina yi wa mai tsada kallon ɓarawo kafin in ga abin da yake yi idan kuskure ya fito daga wurinsa.

Bayan haka da ɗan lokaci, na gano wasu takalma da na tura wa wani mai shago a Kano gam ɗinsu bai kama ba, shi kuma bai ma buɗe kwalayen ba. Ni ba jirgi zan hau ba, waya ce a hannuna, lambarsa tana gabana. Wallahi sai da na zagaya ɗaki na sha ruwa na dawo, yatsana ya ƙi dannawa. A nan na san nisan tafiyar da dattijon nan ya yi. Na danna.