Faranti Biyu na Irin Wake

Malamin ƙididdiga yana jiran mota a tasha, idonsa na kan wata dattijuwa mai kaushin hannu. Faranti biyu ne a gabanta, na irin waken da ta jiƙa, tana ƙirga tsiro da farce. Da gani, wani iri ya taɓa cin amanarta.

"Inna, na dama ya fi," in ji ɗanta, magidanci. "Sittin suka tsiro, wancan arba'in."

"Sittin cikin ɗari, wancan arba'in cikin hamsin. Ina hankalinka?"

"To, mu shuka na hagu."

"Hamsin sun yi kaɗan, ƙila dace ne. Sai na sake gwadawa, damina ɗaya gare mu."

Malamin ya shafa jakarsa. Takardun jarrabawa ne a ciki, rabin ajinsa sun kasa amsa tambaya kan irin wannan lissafin.