Jar Komar da Ta Kai Iro Gaban Alƙali

Duk abin da zan manta a aikin nan, ban da ranar da aka kai Iro kotu. Lokacin ina ƙaramin ma'aikaci a sashen kula da kamun kifi, an tura ni wani dam a ƙasar Daura, Shari'a ba ta daɗe da dawowa ba. Kowa a tsorace yake, ko kaza ta ɓata sai ka ji ana maganar yanke hannu.

Iro masunci ne, kurma-kurma, ga baƙin taurin kai. Ya tsinci wata koma, wato ragar kamun kifi, ruwa ya kawo ta gaɓa duk ta yage. Ya ɗinke ta, ya rina ta da bagaruwa ta yi jawur, ya rataye a tsamiyar bakin ruwa. Ashe ta wani ɗan kasuwa ce daga Kongolam, sabon shiga harkar, mai ba masunta hayar kaya. Da ya ganta ta sauya launi, sai ya ce sata ce aka rina don a ɓatar da sawu. Ya kai ƙara.

Matar Iro ta tare ni a hanya. "Malam, hannun nan nasa da shi muke ci." Na ce ta kwantar da hankalinta, alhali nawa a tashe yake. Ƙa'idar ofis ba ta ba ni ikon shiga shari'a ba, iyakata rahoto. Sai na ɗauko Sarkin Ruwa, shugaban masuntan, a kan babur, muka nufi kotu.

Alƙali ya tambayi Iro dalilin rinin. Gogan naka ya yi tsuru-tsuru. Na ce a raina shi ke nan.

Sarkin Ruwa ya nemi izini. "Allah gafarta Malam, ka san maganar nan, kifi na ganinka mai jar koma?"

"Na san ta."

"To daga wurinmu ta fito. Bagaruwa tana ƙarfafa zare, amma jar koma ba ta ɓuya, ko kifi daga nesa yake hango ta ya gudu. Shi ya sa ake faɗa wa mai tsammanin ba a ganinsa. Mu tun kakanni, in ka tsinci koma, ka gyara, ka rina, ka rataye inda mai ita zai gani. Ɓarawo laka yake shafa mata."

Alƙali ya sa aka kira masunta, suka shaida haka al'adar take. Aka sallami Iro, ɗan kasuwar ya karɓi komarsa yana ba da haƙuri.

Ku yaran yanzu, ku riƙa sauraren maganganun masunta, kowace akwai aikin da ya haife ta. Amma tsoro ya riga ya shiga. Bayan wata guda na ga wata koma tana ruɓewa a gaɓa, Iro na zaune kusa da ita. Na nuna masa. Ya dubi hannunsa na dama, ya ce, "Malam, ban ganta ba."