Awa Huɗu da Rabi Zuwa Jidda

Malam Nababa manomin gero da gyaɗa ne a wani ƙauye kusa da Ɗanbatta. Da ƙuruciyarsa jakuna yake korawa zuwa birni ya ɗauko taki, kwana biyu zuwa, kwana biyu dawowa. Da ƙafa ya san nisa. In ka ambaci wani gari, sai ya ce, "Kwana nawa ne a ƙasa?"

'Yarsa Fauziyya ta karanci aikin jinya. Shekarar da ta samu aiki a wani asibiti a Jidda, ta zo yi masa sallama tare da mijinta.

"Baba, daga Kano awa huɗu da rabi ne kawai," in ji ta.

"Ke dai! Kakana da zai je aikin Hajji, shekara biyu ya yi yana tafiya a ƙasa kafin ya ga bakin teku."

Ta nuna masa a waya: kilomita dubu uku da ɗari huɗu da 'yan kai. Ya daɗe yana kallon siririn layin da ya haɗa garuruwan biyu.

Ranar tafiyar bai bi 'yan rakiya ba. An ce da hantsi jirgin zai tashi, sai ya saɓa fartanya ya nufi gona. Yana noma yana bin ta a zuci. Da ya kai ƙarshen kunya ya ce yanzu sun wuce Haɗeja. Can ya ce sun tsallake Tafkin Chadi. Da rana ta take ya zauna gindin ɗorawa, iskar damina na kaɗawa, idonsa ya lumshe. Sai ya ga kamar yana hango ayarin kakansa daga sama, ƙanana kamar tururuwa a kan rairayi, inuwar jirgin ta gifta su, wani tsoho ya ɗaga kai.

Kafin la'asar wayarsa ta yi ƙara.

"Baba, mun sauka lafiya."

Ya juya ya dubi gonar. "Ikon Allah. Ni ko rabi ban nome ba."

Bayan shekara uku Fauziyya ta aiko aka kai shi Umra. Abu ɗaya ya roƙa, a ba shi kujerar bakin taga. Ya ga gonakin Kano sun tsuke, fage-fage kamar facin riga, daga nan gajimare ya shimfiɗu kamar audugar da aka baza a shanya. Har suka sauka bai runtsa ba.

Da ya dawo, maƙwabta suka cika zaure suna tambayar yadda tafiyar take. Ya ce shi bai ga tafiya ba, zama kawai ya yi. Abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne shayin da aka miƙo masa a can sama, ya ajiye kofin a gabansa, ko girgiza bai yi ba.