Barakatu Mai Fatsa

A Shinkafi, in ka ce Barakatu mai fatsa, kowa zai nuna maka gidan. Ɗiyar masunci ce, ta yi aure gidan malamai, ta shekara talatin ba ta taɓa ƙugiya ba. Sai da aka cire mata mama guda a Sakkwato saboda ciwon daji, sannan ta koma bakin ruwa. Ta ce hannunta ya sandare bayan aikin, kuma jifan fatsa ne ya sake shi. Yanzu duk Talata da hantsi takan ja mata huɗu ko biyar masu irin tabonta zuwa wani tafki bayan gari, su dawo kafin azahar, don yanzu ba a daɗewa a waje saboda 'yan bindiga.

Na san ta ne ta dalilin Gwaggo Salima, ƙanwar babana, wadda nake jinya tun da na gama jami'a. Wata biyu da yi mata aiki irin na Barakatu, hannunta na dama bai wuce kafaɗa ba. Likita ya ce in ba ta motsa shi ba, haka zai zauna. Ya ba mu takarda mai zane: ta fuskanci bango, ta riƙa hawa da yatsu. Sau ɗaya ta gwada. Ta ce ita ba yarinya ba ce da za a sa ta kallon bango, ta koma ɗaki ta saki labule.

Inna Barakatu ta zo ba a kira ta ba. Bayan gaisuwa ta karɓi takardar, ta juya ta, ta miƙo mini. Ba ta yi wa Gwaggo zancen ciwo ba. Cewa ta yi tana neman mai riƙe mata sanda, kuma duk wanda ya gan su a hanya, zai ce kifi suka je nema.

Na bi su da gwangwanin tana. A can matan ba su da aiki sai tsokanar juna. Wata Kulsumu daga Katuru ta ce Gwaggo ta riƙe sandar kamar mai tsoron muciya. Gwaggo ta jefa daga ƙasa, ƙugiyar ta faɗi gaban ƙafarta.

"Salima, tarwaɗa ba ta zuwa gaisuwa," in ji Inna. "Ɗaga hannu ki kai mata."

"Yaya, zai yi zafi."

"Zai yi. Nawa ma ya yi. Ɗaga daidai inda kike iyawa."

Ta ɗaga kaɗan, ta cije leɓe, ta jefa. Ranar ba ta kama komai ba, kuma ta yi ta mita har gida. Amma da Talata ta zagayo, ita ta tashe ni neman tana.

A mako na shida igiyarta ta sarƙe a reshen bagaruwa da ke saman kanta. Na yunƙura zan taimaka, Inna ta riƙe mini zane. Gwaggo ta miƙa hannun dama har sama, tana zagin reshen, ta warware igiyar. Ba ta lura ba, mu ma ba wadda ta faɗa mata. Ta sake sa tana a ƙugiya, ta ce wa Kulsumu ta matsa, wai ta tare mata ruwa.